Yaran da Suka Faɗi a Kotun Abuja: Abin da Doka Ta Riga Ta Faɗa Kafin Umarnin Shugaban Ƙasa

Ranar Juma'a, 1 ga Nuwamba 2024, 'yan sanda suka shigo da mutum 76 da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, gaban Mai Shari'a Obiora Egwuatu. Ana cikin kiran sunaye domin a karanta musu tuhuma, sai huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi. Alƙali ya tashi ya koma ofishinsa. Kafin magariba bidiyon ya karaɗe wayoyin jama'a, kuma wanda duk ya gani da wuya ya manta: yara kwance a daɓen kotu suna murƙususu, ƙashin wuya a waje, riguna sun yi musu yawa kamar na aro, lauyoyi cikin baƙaƙen riguna sun sunkuya a kansu suna ƙoƙarin farfaɗo da su. Da aka shigo da biskit da ruwa, sauran suka yi caa a kai, kowa na miƙa hannu. 'Ya'yanmu ne, mafi yawansu daga Kano aka kwaso su.

Takardar tuhumar da kanta ta nuna cewa aƙalla 29 daga cikinsu shekarunsu daga 14 ne zuwa 17. Tuhuma goma aka jera musu, ciki har da cin amanar ƙasa da tunzura sojoji su yi tawaye da ɓarnata dukiya. Hukuncin cin amanar ƙasa kisa ne. A wannan rana aka gurfanar da wani rukuni na mutum 43, jimilla ta kama 119.

Asalin maganar sananne ne. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi, har hauhawarsa ta haura kashi 40 cikin 100 a watan Yunin 2024. Daga 1 zuwa 10 ga Agusta aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa. A Kano abin ya rikiɗe tun ranar farko: aka fasa sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa aka wawashe kayanta, aka afka wa shaguna da rumbunan ajiya, har gwamna ya sa dokar hana fita ta sa'a 24. Bayan kwana biyu uku tutar Rasha ta bayyana a hannun matasa a Kano da Kaduna, hukuma ta ɗauki abin da zafi, har telolin da ake zargi da ɗinka ta aka kama. Ƙungiyar Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohi shida na Arewa kuma an tsare fiye da 1,200, 'yan sanda kuwa sun musanta rahoton kisan. Cikin wannan kamen aka haɗa da yaran, aka wuce da su Abuja, suka yi kusan wata uku a tsare.

Ba zan ɓoye ba, an yi ɓarna a Kano, kuma akwai yara a cikin masu ɓarnar. Ɗan kasuwar da aka fasa wa shago yana da haƙƙi, ba kuma wanda ya isa ya ce ya yi shiru. Abin da nake son mu duba shi ne yadda doka ta ce a bi da yaro idan ana zarginsa, ko da kuwa zargin gaskiya ne.

Da hayaniya ta tashi, amsa uku aka ba jama'a. Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce faɗuwar da yaran suka yi shiri ne da aka kitsa don a jawo ido. Wani lauya daga ɓangaren masu gabatar da ƙara ya shaida wa 'yan jarida a harabar kotu cewa ai ba yara ba ne, manya ne, galibinsu ma magidanta. Kakakin rundunar na lokacin, Olumuyiwa Adejobi, shi kuma ya ce a dokar Najeriya wanda bai kai shekara bakwai ba ne kaɗai ba a kamawa da laifi, wanda ya haura haka ana iya kai shi kotu. Ta farko mai ido ya riga ya yanke mata hukunci. Ta biyu zan dawo kanta. Ta ukun ce ta fi haɗari, domin akwai gaskiya a cikinta, rabin gaskiya.

Ga inda bakwai ɗin ta fito. Sashe na 50 na Final Kod, kundin hukunta laifuka da ya fara aiki a Arewa a 1960 kuma shi ake bi a Abuja, ya ce duk abin da yaron da bai kai shekara bakwai ba ya aikata ba laifi ba ne. Ya ƙara da cewa haka ma wanda ya wuce bakwai bai kai 12 ba, matuƙar wayonsa bai kai ya gane haƙiƙanin abin da ya yi da abin da zai haifar ba. Sashen da ke biye da shi kai tsaye, na 51, a kan mai taɓin hankali yake: ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata a lokacin da rashin lafiyar hankali ta hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Kundin Kudu ma haka ya yi, hauka a sashe na 28, ƙuruciya a na 30. Jera su da aka yi kafaɗa da kafaɗa ba dace ba ne. Doka ba ta tsayawa a kan abin da hannu ya yi, sai ta tambayi hankalin da ya aiki hannun. Lafazin sashe na 51 ya yi doguwar tafiya kafin ya iso mana: daga kundin Sudan aka ɗauko namu, na Sudan daga na Indiya na 1860, shi kuma ma'auninsa na hauka ya samo tushe ne daga ƙa'idojin da alƙalan Ingila suka shimfiɗa a 1843, bayan wani mai suna Daniel M'Naghten ya harbe sakataren Firayim Minista Robert Peel a Landan yana cikin ruɗanin cewa ana farautar ransa.

Mu kuwa ba sai mun je Landan ba. Ɗan makarantar allo da ya fara littattafai ya san hadisin da aka ruwaito daga Nana A'isha da Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara musu yarda, cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Abu Dawuda ya kawo labarin wata mata mai taɓin hankali da aka yanke wa haddi a zamanin Sayyidina Umar. An tafi da ita ke nan sai Sayyidina Aliyu ya gamu da su, ya sa aka mayar da ita, ya tunatar da Halifa wannan hadisi, Halifa kuma ya sake ta. Tun kafin nan, da Ma'izu ya zo da ƙafarsa yana iƙirarin laifi a kan kansa, sai da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko yana da taɓin hankali. Mutum ne ya amsa laifi da bakinsa, amma aka tsaya tantance hankalinsa tukuna.

Malaman mazhabarmu ba su bar maganar a dunƙule ba. A babin hajru na Muhtasar, Shehu Halil ya haɗa mutanen biyu a jimla ɗaya: mahaukaci ana tsare masa al'amuransa har ya warke, yaro har ya balaga. Da ya zo lissafa abin da ake gane balaga da shi, ya ambaci mafarki da haila da ciki da tsirowar gashi, ya kuma ambaci cika shekara 18. Wannan ya kamata masu cewa 18 lissafin Turawa ne su riƙa tunawa. Risala kuma ta ce gangancin yaro kamar kuskure yake: ba a yi masa ƙisasi, diyya ake biya, idan ta kai sulusi ko fiye dangi ne ke ɗauka, in ba ta kai ba daga dukiyarsa. Abin da ya ɓarnata na mutane akwai lamuni a kansa, kuma ana iya ladabtar da shi gwargwadon wayonsa. Ke nan fiƙihu bai ce mai shago ya haƙura ba. Ya raba tsakanin biyan haƙƙin wanda aka cuta da azabtar da wanda bai zama mukallafi ba, ya tsayar da na farko ya ɗauke na biyu.

To, rabin da kakakin 'yan sanda bai faɗa ba fa? Sashe na 50 tambaya guda yake amsawa: shin ana iya cewa wannan yaro ya yi laifi? Bai taɓa maganar inda za a kai shi, da wanda zai saurare shi, da inda zai kwana ba. Wannan aikin Dokar Kare Haƙƙin Yara ce ta 2003, wadda ke aiki a Abuja kai tsaye ba tare da jiran wata majalisar jiha ba. A wurinta duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Sashenta na 204 ya ce ba za a bi da yaro ta tsarin shari'ar laifuka na manya ba, ba kuma za a ɗora masa hukuncinsu ba, sai dai ta tsarin shari'ar yara da dokar ta tanada. Sashe na 205 ya hana bayyana duk abin da zai sa a gane yaron. Na 211 ya ce da zarar an kama shi a sanar da iyayensa ko mai riƙonsa. Na 212 ya ce tsare yaro kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe bayan an rasa wata hanya, kuma na ɗan lokaci mafi gajarta. Na 221 ya haramta ɗaure shi a kurkuku ko yi masa bulala ko yanke masa hukuncin kisa. Dokar ta kafa kotun iyali, ta ce a samar da sashe na musamman na 'yan sanda masu horo kan yara, ta kuma ba su damar kashe ƙananan maganganu ta hanyar sulhu da biyan diyya ba tare da an je gaban alƙali ba.

A ɗora wannan a kan abin da muka gani. Wata uku a tsare. Tafiyar ɗaruruwan kilomita daga inda iyaye suke. Kotu a buɗe, kyamarori a kan fuskoki, sunaye a takardar da ta shiga hannun kowa. Ni kaina na kalli bidiyon fiye da sau ɗaya, kuma na san cewa ba don shi ba da yaran ba su fito a wannan mako ba. Amma abin da ya cece su shi ne ainihin abin da doka ta hana a yi musu, kuma fuskokinsu za su zauna a intanet har su yi furfura, da tambarin cin amanar ƙasa a gefe.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma adalci ne a kawo ta. Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya bayyana daga baya cewa babu dokar da ta hana a gurfanar da yaro, kuma tsarin mulki ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'ar cin amanar ƙasa, don haka maganar kotun iyali ba ta taso ba. Sashe na 251 na tsarin mulki ya faɗi haka, kuma tsarin mulki yana gaba da kowace doka. Sai dai a ganina hurumi ɗaki kawai yake nunawa, bai ce a manta da shekarun wanda aka shigo da shi ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ita wannan kotu ke aiki da ita kullum, ta ce a sashe na 452 idan yaro ake zargi to tanadin Dokar Kare Haƙƙin Yara za a bi. Sashenta na 405 ya hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai 18 ba a lokacin da aka aikata laifin. Tsarin mulkin kansa, a sashe na 36, ya ba kotu ikon fitar da 'yan kallo domin kare wanda bai kai 18 ba. Duk waɗannan suna hannun kotun a ranar.

Sannan a tambayi zaɓin tuhumar tun farko. Cin amanar ƙasa laifi ne da ke tsaye a kan niyya: nufin yaƙar ƙasa ko tursasa shugabanta. Yaro ɗan shekara 14 da aka miƙa wa ƙyalle mai launi uku a kan titi, ya ruga da shi cikin 'yan uwansa, da wace niyya za a kama shi? In ya ɗauki kujera ko kwamfuta daga ginin gwamnati, sunan laifinsa sata ko ɓarna, kuma akwai kotu a Kano. Jihar ta samu dokarta ta kare yara a watan Mayun 2023, Kaduna tun 2018. Amma girman tuhuma yana da wani amfani ga mai tsarewa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kuma ya sa wa'adin da dole a saki mutum in ba a yi masa shari'a ba. Sai dai a ƙarshen sashen an cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan kariya. Da an rubuta cin amanar ƙasa, agogo ya tsaya. A watan Agusta ma da dokar yaƙi da ta'addanci 'yan sanda suka samo izinin kotu na tsare masu zanga-zanga fiye da ɗari har kwana 60.

Belin da aka bayar ranar Juma'ar shi ma abin dubawa ne: naira miliyan 10 kowane mutum, da masu tsayawa biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 15 ko sama, ɗaya daga iyaye ko 'yan uwa. Gaskiya ne ba tsabar kuɗi ake zubewa ba, lamuni ne mai tsayawa ke sa wa hannu. Amma a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, miliyan 10 albashin kusan shekara 12 ne ba a taɓa ko kwabo ba. Uban da ke tura baro a Kasuwar Singa ko yake faci a bakin titi, ina zai samo babban jami'in gwamnati da zai ɗauki wannan nauyi saboda ɗansa? An ɗage shari'ar zuwa 24 ga Janairu 2025, aka ce manya su tafi gidan gyaran hali na Kuje, yara a kai su gidan horar da kangararru na Bostal. Irin wannan gida uku ne gwamnatin tarayya ta daɗe tana da su a duk faɗin ƙasar: Kakuri a Kaduna, da Ilorin, da Abeokuta.

Yanzu mu koma kan lauyan da ya ce magidanta ne. A wannan shari'a takardar tuhuma ta ƙaryata shi. A shari'o'in da ba a ɗauka a bidiyo, irin wannan magana takan ci. Kariyar da doka ta ba yaro duk tana rataye ne a kan a yarda cewa yaro ne, hujjar da kotu ta fi yarda da ita kuwa takardar haihuwa ce. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Mu da aka haifi yawancinmu a ɗaka, a hannun ungozoma, mun san yadda ake lissafi: shekarar da aka yi ambaliya, damina biyu bayan rasuwar kaka. In bukata ta taso a je kotu a yi takardar rantsuwar shekaru. Almajirin da aka kama a tasha ba shi da ko wannan. Mai rubuta bayani a caji ofis ya dube shi sama da ƙasa ya rubuta 18 ko 19, shi ke nan ya zama babba, ya kwana cikin manya.

A nan ne maƙwabcin yaro a doka, mai taɓin hankali, yake shigowa, domin ciwonsu ɗaya. Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma wanda ake tuhuma ne ke da nauyin tabbatarwa. Kotu takan nemi tarihin jinya, da bayanin likita, da shaidar waɗanda suka san halinsa kafin abin ya faru da bayansa. Amma mutum nawa ne a cikinmu ke fara kai mai wannan larura asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware? Wurin mai ruƙiyya ake farawa, ko mai maganin gargajiya, a yi hayaƙi a yi rubutu, a ce iska ce ko sammu. Babu kati, babu fayil. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa. Yaro na neman takardar haihuwa, mara lafiya na neman katin asibiti, kuma talaka ba shi da ko ɗaya.

Wanda ya saba zama a kotun majistare ya san hoton. A shigo da mutum da dauɗaɗɗiyar riga, gashi a cukurkuɗe, wani lokaci da tabon mari a idon sawu. Sau da yawa danginsa ne suka kai ƙara, don ya fi ƙarfinsu: ya fasa tukwane, ya bi maƙwabci da taɓarya. Magatakarda ya karanta tuhuma, a fassara masa, a ce, "Ka fahimta?" Ya kalli silin, ko ya yi dariya, ko ya shiga ba da labarin da ba shi da kai. Tun daga sashe na 278, dokar 2015 ta ce idan kotu ta yi shakkar hankalin wanda ake tuhuma ta dakata, ta sa likita ya duba shi. Alƙali ya rubuta haka, a mayar da shi gidan gyaran hali kafin a samu mota da mai da likita. Dangi sun samu sauƙi, ba mai bibiya. Ko an kai ga shari'a an tabbatar ya aikata abin cikin rashin hankali, ba gida zai tafi ba: ajiye shi za a yi a wuri mai tsaro har sai hukuma ta ga dama, ba tare da wa'adi ba. Mai hankalin da ya yi laifi iri ɗaya ya san ranar fitarsa. Tun a 2008 Amnesty ta ba da rahoton mutanen da ke kurkukun Najeriya ba tare da sun aikata laifin komai ba, taɓin hankali kawai ya kai su.

A takarda an samu ci gaba. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta gaji ta Turawan mulkin mallaka ta 1916, ta fi damuwa da yadda za a killace mutum fiye da yadda za a yi masa magani. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta amince cewa mai wannan larura yana da haƙƙi, ta sa sharuɗɗa kan kwantar da shi ba da yardarsa ba da kuma ɗaure shi, ta tanadi kwamitin da za a kai wa kuka. Dokar yara ma kyakkyawa ce a takarda, kuma ta shekara 21 da kafuwa a ranar da yaran nan suka zube a gaban alƙali.

Yadda maganar ta ƙare ya zo da sauri. A daren Juma'ar Antoni Janar ya umarci 'yan sanda su miƙa fayil ɗin ga ofishinsa. Ranar Litinin, 4 ga Nuwamba, Ministan Yaɗa Labarai Mohammed Idris ya sanar cewa Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a saki yaran duka, a kula da lafiyarsu, a mayar da su ga iyayensu, a kuma binciki jami'an da suka kama su suka tsare su. Ranar Talata ofishin Antoni Janar ya yi amfani da ikonsa na sashe na 174 na tsarin mulki ya janye ƙarar, alƙali ya kore ta. A ranar aka kai su fadar shugaban ƙasa, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya damƙa su ga Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano da Gwamna Uba Sani na Kaduna, yana mai cewa an sake su ne bisa jinƙai duk da hujjojin da ake da su a kansu. Na Kano aka wuce da su asibiti kafin a haɗa su da iyayensu.

Na yi murna, kamar kowane mai ɗa. Amma kalmar jinƙai ta tsaya mini a rai. Jinƙai ana yi wa wanda doka ta riga ta kama ne, a yafe masa. Waɗannan yara ba a taɓa tabbatar da laifi a kansu ba, kuma abin da aka ba su ranar Talata, wato komawa hannun iyaye, shi ne abin da sashe na 211 da na 212 suka nufa da su tun makon farko na Agusta. Da aka kira shi alfarma, sai ya zama babu wanda ya yi kuskure. Kwana huɗu suka isa a warware abin da aka yi wata uku ana ƙullawa, saboda an ga fuskokinsu. Yaron da ke tsare a wata ƙaramar hukuma an rubuta masa shekara 19, da mutumin da ke jiran likita tun bara a ɗakin marasa hankali na gidan gyaran hali, su ba wanda zai ɗauke su a waya.

Janye ƙarar kuma ya tafi da damar da kotu ke da ita ta yi magana. Ba a yanke ko Babbar Kotun Tarayya za ta iya zama a kan yaro kamar yadda take zama a kan babba ba, ba a yanke ko tsarewar wata ukun ta halatta ba, ba a ce komai kan diyya ba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ya ba ƙasashe shawara a 2019 kada shekarun fara ɗaukar alhakin laifi su gaza 14. A Nijar 13 ne, a Ghana 12. Ranar 24 ga Janairu 2025 da aka sa wa yaran ta zo ta wuce babu zama, sashe na 50 na Final Kod da ake aiki da shi a Abuja kuwa yana nan a kan bakwai.